Yadda Na Sace Askar Kakana

Yayata ta ce in ina so in rubuta wannan in rubuta, amma kada in sa sunan kowa, ko da na akuyar gidanmu ne. Na yarda. Su waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

Kakanmu na wajen uba wanzami ne a Wagini. Babu namijin da ya girma a unguwarmu bai sunkuyar masa da kai ba. Zabirarsa ta baƙar fata ce, ta sha hannu har tana sheƙi, kullum tana rataye a ƙusa a cikin zaure. A cikinta akwai asake da ƙahoni da almakashi da dutsen wasa aska, sai wata 'yar aska mai lanƙwasasshen baki kamar jinjirin wata, wadda ya gada daga mahaifinsa. Da ita yake cire wa jarirai beli, ɗan naman nan da ke reto can a ƙarshen ganɗa. A wurinmu an yi imani in aka bar shi zai kumbura, ya hana yaro shan nono, ya jawo tari da amai. Shi ya sa ranar suna da safe, in an yi wa jariri aski, sai a danne masa harshe a cire.

Ni da Kaka akwai wasan jika tun ina rarrafe. Yana ce mini amarya, ina ce masa ango. Na ɓoye masa hula ya fi a ƙirga, na taɓa sa masa takalmi ɗaya a cikin rumbun wake ya wuni yana ɗingishi. Dokar wasan ɗaya ce, kowa a gidan ya san ta: abin da jika ta ɗauke, ba a ƙwace shi da ƙarfi, sai an fanshe shi. Yawanci da dabino yake fansa.

Shekarar da nake aji biyu a makarantar koyon aikin lafiya, na yi farkon hutun damina a Safana, gidan yayata, lokacin cikinta na fari ya tsufa. Wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, mijinta ya tafi kasuwa, sai ta ce mini tana da magana, kuma in na gaya wa Inna ba ni ba ita. A awon farko an ɗibi jininta, an ga ƙwayar HIV. Mijin ya je shi ma an gani. Su biyu suna shan maganinsu kowace rana ba fashi, lafiyarsu lau, ba wanda ya sani. Ban tambaye ta ta ina abin ya biyo ba, ita ma ba ta sani ba. Malamar asibiti ta gaya mata abin da za ta yi don ɗan ya tsira: ta haihu a asibiti, ta riƙa ba jaririn maganin ruwa da za a ba ta, ta shayar da nono zalla wata shida ko ruwa kada a ɗiga masa, kuma kada a bari wani abu ya ji masa ciwo a baki.

“Kin kuwa san mai ji wa jarirai ciwo a baki a gidanmu,” in ji ta. “Angonki.”

Muka yi dariya, har na ga tata dariyar ta fara rawa, sai na mayar da kai kan gyaɗa.

Ita ba ta da bakin hanawa. A gidanmu mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban manya, ba ta kiran sunansa, in yana kuka ma sai ta yi kamar ɗan maƙwabta ne. Ranar da za ta buɗe baki ta ce kada a taɓa mata ɗa, ranar Inna da Gwaggo, ƙanwar babanmu, za su zaunar da ita su tambayi dalili, kuma su ba a ba su rabin amsa. Mijin kuwa ko ido ba ya iya haɗawa da Kaka. Sai ya rage ni, wadda aka riga aka sallama wa rashin kunya saboda boko.

Muka taho gida goyon ciki a motar a-kori-kura, tsakanin buhunan taki, gero ya yi tsayi dama da hagu, direba na ta sauri don kada yamma ta yi mana a hanya. Bayan mako biyu ta haihu a asibitin Batsari. Mace. Bakinta ɗan mitsitsi, in ta yi hamma sai in ga cikinsa ja, a jiƙe, kamar cikin furen kabewa da asuba. Kwana bakwai gare ni.

Na fara da mata. Rana ta uku, Inna da Gwaggo na hura wutar ruwan wankan jego, na tsuguna kusa da su na yi bayani mai daɗi, ni a ganina. Na ce Allah bai halicci komai a banza ba, na ce bakin jariri kamar ƙasa ce da aka yi wa ruwan farko, ba a sa mata gatari. Gwaggo ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ni ma ai an cire mini nawa belin, kuma ga bakina nan bai huta ba tun daga ranar, da an bar mini shi da tuni sun ƙaura sun bar mini garin. Inna ta ce in miƙo icce.

Rana ta biyar na koma sana'ata ta asali. Kaka ya tafi sallar azahar, na shiga zaure na zare 'yar askar nan daga zabira, na naɗe ta a takarda, na sa ta a tsakiyar littafin darasina. Na tabbata ko gidan zai juye ba zai buɗe littafin boko ba. Sai daga baya na lura shafin da na sa ta shi ne wanda na zana ƙwayar cutar a ciki, ƙulli guda mai ƙayoyi kewaye da shi, sak ƙarangiya.

Bayan la'asar na ji muryarsa daga zaure yana tambaya ina amaryar nan mai dogon hannu. Na fito ina ta sunne kai kamar mutuniyar kirki. Na tarar ya shimfiɗa tabarma, ya jera wasu asake biyu masu lanƙwasa a gabansa, kowacce ta fi wadda na ɗauke kaifi. Ya ce wanzami mai aska ɗaya ɗan koyo ne, amma dai waccan ta ubansa ce, don haka in faɗi fansa. Dabino nawa?

Na ce yau ba dabino. Fansar ita ce ya saurari karatuna har ƙarshe. Ya ce an taɓa jin ango ya auri mata don ta yi masa wa'azi? Amma ya gyara zama.

Na ɗauko littafin, na riƙe shi a nesa da hannunsa. Na ce masa jikin mutum gari ne. Fata ita ce ganuwa, busasshiya, mai kauri, wannan ƙwayar ba ta iya huda ta. Amma cikin baki da maƙogwaro da hanji, da wasu wurare da amarya ba ta faɗa a gaban ango, can babu ganuwa, sai danga. Siririya ce, kullum a jiƙe. 'Yan ƙananan halittun da aka yi ta da su sun jeru kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallar Idi, a samansu kuma akwai yauƙi kamar na miyar kuɓewa. Ƙarangiyar nan ba ta da ƙafa ba ta da fiffike. In ta faɗa a yauƙin, sau da yawa nan take maƙalewa ta lalace, shi ya sa ba a ɗaukar ta a cin abinci kwano ɗaya ko a gaisawa. Abin da take nema shi ne inda sahu ya ɓalle, wato gyambo, ko yanka, ko kumburi.

Ya ce to, ta shiga. Sai mi?

Na ce a bayan dangar akwai 'yan sintiri. Da an ji ciwo a wuri nan suke taruwa. Aikinsu in sun ga baƙo su kama shi su kai shi wurin manya a gane shi, wurin manyan kuwa shi ne kaluluwa, wadda shi da kansa yake laluba wa mutane a wuya da hammata. Ga sauran cututtuka wannan dabara ce mai kyau. Ita wannan kuwa abin da take so ke nan, don manyan take nema tun farko.

Kaka ya yi dariya har ya tafa cinya. “Wato ɓarawon na tsaye bakin danga, ɗan sintiri ya zo ya goya shi a babur har ƙofar mai gari.”

Na ce haka ne, ko kuɗin mai ba ya biya. Daɗi ya kama ni, na ga ɗalibina yana ganewa, na ci gaba ba birki. Na ce manyan nan su ne masu ba sojojin jiki umarni, a asibiti ana ce musu CD4. Ƙofar kowannensu kwaɗo biyu ne. Ƙayar ƙarangiyar sai ta kama na farko, ta ɗan murɗa, ta kama na biyu, daga nan rigarta ta manne da bangon gidan, ta zuba abin da ke cikinta a tsakar gida. Abin da ke cikin kuwa wasiƙa ce kawai. A ce da ajami aka rubuto ta, masu gidan kuma boko suke karantawa, to ta taho da magatakardanta, nan take ya juya ta zuwa rubutun gidan. Ta kuma taho da maɗinki, ya ɗinke takardar a tsakiyar littafin da gidan ya gada kaka da kakanni, yadda ba mai iya bambance ta. Mai gida ya buɗe littafinsa ya karanta, ya ga an ce ya ƙera ƙarangiya, ya kama ƙerawa har ƙarfinsa ya ƙare. A haka, gida-gida, shekara da shekaru, sai gari ya wayi gari ba mai ba da umarni, kowace 'yar cuta ta shigo ta yi yadda ta ga dama.

Na ce amma yanzu akwai magani. Yana ɗaure hannun magatakarda, ya ɗaure na maɗinki. Mai shan sa kullum yakan rayu kamar kowa, ya yi noma, ya haihu, har a duba jininsa da ƙyar a ga alamarta. Sai dai duk da haka mai hankali ba ya buɗe danga da hannunsa.

Kaka ya ɗauki ɗaya daga cikin asaken yana juya ta. Ya ce in don askarsa nake wannan dogon zance, in kwantar da hankalina, shi tun kafin in san baƙi yake tafasa kayan aikinsa, kuma ba ya yi wa yara biyu da aska ɗaya sai ya mayar da ita wuta. Gaskiya ya faɗa, na sha ganinsa. Ni kuwa, da yake na ƙi a kayar da ni a muhawara, sai na ce ai ba askar ba ce, ƙofar da take buɗewa ce.

Sannan ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana: “Ba a tsoron buɗaɗɗiyar ƙofa sai in da ɓarawo kusa. Mi ke shiga bakin ɗiyar kwana bakwai in ba nono ba?”

A nan na gane na yi karatun ya wuce gona da iri. Na kalli zanen ƙarangiyata, ba ta taimake ni da komai ba.

Ya mayar da asakensa zabira ɗaya bayan ɗaya. Ya ce jarirai nawa ya yi wa aiki a garin nan ina zaune ina cin naman suna, ban taɓa ɗauke masa aska ba sai yau. Bai tambaye ni komai ba. Ya rataye zabirar, ya sa takalmi ya fita duba gonarsa.

Washegari na gaya wa Yaya, muna shafa wa jaririyar mai, Inna ta fita. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce Allah ya shirye ni, ta juya ta fuskanci bango. Yanzu abu biyu ke hannun tsohon, bakin yarinyar da asirin uwarta, kuma ni na miƙa masa na biyun da hannuna, har da zane. Da hantsi ya leƙo ƙofar ɗaki kamar yadda ya saba, ya gaida mai jego, ya tambaya ko tana shan kunun kanwa sosai. Idonsa ya sauka kan 'yar kwalbar maganin jaririyar da muka ce wa kowa na ƙarin jini ne. Ya ce Allah ya raya, ya wuce.

Ranar suna gida ya cika tun da sassafe. Bayan an raɗa suna an yanka rago, Kaka ya shigo da zabirarsa, Gwaggo ta zauna a tabarma ta ɗora yarinyar a cinya, mata suka kewaye. Yaya na cikin ɗaki, kamar yadda ya dace da uwar fari, ta ba ƙofa baya. Ni kaɗai na san da kunnuwanta take kallo.

Ya ɓare sabuwar reza ya yi askin, a natse, gashin na zuba kamar toka. Sannan ya ɗauko ɗan iccen da yake danne harshe da shi, ya buɗe bakin, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sa hannu a zabira ya laluba, ya sake lalubawa, ya zazzage ta a tabarma. Ga ƙahoni, ga almakashi, ga asaken aski. Babu mai lanƙwasa ko ɗaya. Biyun da ya nuna mini ya baro su a ɗakinsa.

Ya ɗaga kai ya nemo ni da ido cikin mata. Ya gaya wa jama'a cewa amaryarsa ta sace masa askar ubansa kwana biyu ke nan, kuma shi ba zai taɓa jininsa da wata aska ba sai ita. Ban taɓa jin wannan doka ba, ina jin a safiyar aka haife ta tare da sunan. Gwaggo ta ce in wuce in ɗauko ta yanzun nan kafin ta tashi. Kaka ya ce a'a, ita ma ta san dokar wasa, ba a karɓa sai an fansa, shi kuwa bai gama biya ba.

“Cewa ta yi in saurari karatunta har ƙarshe,” in ji shi. “Na tambaya, an ce saura shekara biyu.”

Wasu suka kwashe da dariya, wasu suka kama salati. Gwaggo ta ce to a aika Ruma a kirawo wanzamin can. Kaka ya daina murmushi, ya ce yana raye wani wanzami ba zai sa hannu a bakin tattaɓa-kunnensa ba, wanda yake so ya gwada ya jira a binne shi. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen Ruma. Ya ce belin ma ƙarami ne, ba ya gaggawa. Sannan ya kafa wa mata sharaɗi da muryar aiki, wadda ba a yi mata musu: tunda ba a cire ba, kada wanda ya kuskura ya ɗiga mata ruwa ko jiƙo ko zuma, nono kawai, har sai ta fara zama da kanta, in ba haka ba abin da ya biyo baya ba ruwansa. Abin da na yi kwana uku ina lallashi da daɗin baki, tsohon ya gama shi da numfashi ɗaya, kuma na bi maganarsa daga baya a raina, ban sami inda ya yi ƙarya ba.

Ni na biya sauran. Inna ba ta yi mini magana ba har magariba. Gwaggo ta raba nama ta ba ni ƙafa, ta ce ita ta dace da ɓarauniya. Mata suka yi mako suna nuna ni a bakin rijiya, 'yar bokon da ta hana a cire wa 'yar yayarta beli don wasa. Na ci ƙafar ragona a bayan rumbu, ban taɓa cin nama mai daɗinta ba.

Kaka bai taɓa tayar da maganar ba, ko da ni. Sau ɗaya kawai, ranar da Yaya ta gama arba'in za ta koma Safana, ta durƙusa a zaure tana yi masa sallama, ya ce mata abin da likita ya ce a sha, a riƙa sha kan lokaci. Ya ce shi wanzami, wurin yin ƙaho ya ga gadon bayan kowa a garin nan, kuma har yau ba a taɓa jin labarin bayan wani a bakinsa ba. Yaya ta ce to, Kaka. Ta fito tana gyara mayafi ya fi yadda yake buƙata.

Ba zan ce na sauya masa sana'a ba. 'Ya'yan wasu ya ci gaba da yi musu da asakensa biyu, muna ta faɗa a kan haka duk hutu, yana ce mini likitar da ba ta taɓa warkar da ko kaza ba.

An gwada jinin yarinyar tana 'yar makonni, ba a ga komai ba, amma malamar ta ce sai an sake bayan yaye kafin a saki jiki. Muka jira. Ranar da aka yi na ƙarshen ina gida, Yaya ta kira ni a waya daga ƙofar asibiti, ina jin muryar 'yar a bayanta tana tsala ihu a kan an hana ta wani abu, da belinta da komai. Na ajiye tsintsiya na nufi zaure. Na tarar da shi yana wasa aska a kan dutse.

Na ce, “Ango, ɗan sintiri bai goyo kowa ba.”

Hannunsa ya tsaya. Ya ce alhamdu lillahi sau biyu, ya ɗiga wa dutsen ruwa ya ci gaba. Can ya ce tunda haka ne, ai sai in maido masa askar ubansa, ya ji an ce na gama makaranta.

Na ce masa na cika takardar neman ƙaro karatu.